Layi Ɗaya

A Fagge shagona yake, keke ɗaya, benci ɗaya,
nan Nazifi ɗan ƙanwata kan zauna in an tashi makaranta.
Shekara tara. Baki kamar reza.
Ran da na gan shi yana kwaikwayon mai shayin layinmu,
yana ɗaga kofi sama, yana tsiyayo iska,
har da tsakin da yake ja in an ce masa bashi,
sai na ɗage ƙafa daga kan keke.
Na ce, sake.

Ni ma na taɓa, zamanin wasan daɓe.
Na yi ɗan doka, na yi boka, na yi gawa sau uku,
kafin ɗinki ya ce zo nan ka zauna.

Uwarsa ta gindaya sharaɗi tana tankaɗe:
boko da safe, Islamiyya da yamma,
Lahadi kaɗai na ara maka shi,
ka dawo min da abina kafin Magariba.

Ban fara masa da magana ba.
Kasuwar Rimi na kai shi, na ce yi shiru ka duba:
ga wata ta taya, an ce albarka, ta juya,
dubi yadda ƙafarta ke tafiya, kunnenta na baya,
tana jira a ce, Hajiya dawo.
Wannan shi ne karatun yau.

A shago madubin gwaji ya zama malaminsa,
har ya fara son fuskarsa fiye da wasan,
sai na lulluɓe madubin da ragowar yadi.
Murya daga ciki take fitowa, ɗana.
Kuma in wani na magana, saurare shi,
kada ka tsaya kana lissafin taka.

Lahadi shida muna hawa adaidaita sahu
zuwa Titin Gidan Zu, bene bayan bene,
ku dawo, ku bar lamba, oga ya fita.
Kuɗin aljihun riga uku suka tafi a mota.
Ta bakwai Ɗanliti darakta ya leƙo ta taga:
yaron nan zai iya riƙe layi ɗaya?

Wani gida a Sharaɗa. Waya ko'ina kamar saƙar gizo.
Mai bin bashi zai yi sallama, yaro ya fito ya ce:
Baba ya ce a ce ba ya nan.
Shi ke nan.
Aka kunna fitila, kyamara ta zuba masa ido,
bakin nan mai kamar reza ya dakushe.
Sau ɗaya. Sau huɗu. Mai riƙe da sandar sauti ya yi hamma.

Na durƙusa, na gyara masa maɓallin da ba abin da ya same shi.
Na ce, ka san mutumin nan? Mai shayi ne ya biyo kuɗinsa.
Ya dube ni. Ya haɗiye dariya.
Ya fita yana sosa ƙeya, ya faɗi layinsa,
har ya waiga cikin gida, abin da ba wanda ya koya masa.

Da suka ce a shafa masa man zafi a ido don ya yi kuka,
na ce a'a. Idon na uwarsa ne, aro na yi.

Dubu biyu da shinkafa a leda.
A hanya ya yi barci a kafaɗata, kuɗin a dunƙule a hannu,
ladan yana kira muna shan kwanar layinmu.

Da fim ya fito, ƙiftawar ido uku ya yi a ciki.
Mai shayi ya kalla a wayata, ya sake kallo,
ya ja tsakin nan nasa,
ya tsiyaya wa yaron kofi guda, har da madara.